Za a yi maka tiyata? Jagora kan allurar barci, allurar baya da raɗaɗin bayan aiki

Idan aka ba mutum ranar tiyata a Sakkwato, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko Maryam Abacha inda ake karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari, abin da dangi suke fara tambaya shi ne wane likita zai yi aikin. Da wuya ka ji an tambayi wanda zai sa barcin, alhali shi ne yake tsare numfashin majinyaci da bugun zuciyarsa da hawa da saukar jininsa, tun daga kwantar da shi har ya farfaɗo. A asibitin koyarwa likita ne da ya ƙware a wannan fanni. A asibitocin ƙananan hukumomi galibi nas ne da aka yi wa horo na musamman. Ko wanne ne, ingancin aikinsa yana rataye da abin da ka faɗa masa da abin da ka ɓoye. Ga yadda abin yake tafiya daki-daki. Inda umarnin likitanka ya saɓa da abin da ke nan, nasa za ka bi, don shi ya duba ka.

Mataki na farko: ganawa da likitan barci

Yawanci yakan zo gadonka da yammacin jajibirin aikin. Hirar takan fara kamar haka:

"Baba, kana shan wani magani?"

"A'a ɗana, ba ni shan komi."

Sai an matsa da tambaya sannan ka ji akwai jiƙon basir da ake sha kullum da asuba, akwai ƙwayar da ake haɗiya kafin a tafi fadama, akwai kuma ta hawan jini da aka ajiye tun bara don "an ji sauƙi". Baba bai yi ƙarya ba, shi dai a wurinsa magani shi ne wanda likita ya rubuta. To a wannan hira duk abin da yake shiga jikinka magani ne.

Tiramadol da kodin su ne kan gaba. Wanda ya saba da su, jikinsa ya riga ya yi taurin kai, allurar da za ta kwantar wa wani da raɗaɗi shi ba za ta ishe shi ba. Idan kuma aka katse masa su kwatsam, bayan aiki zai shiga zufa da rawar jiki da rashin natsuwa, ma'aikata su yi ta neman cutar da babu ita. Tiramadol mai yawa yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likitan barci ba ɗan sanda ba ne, ba kuma zai gaya wa mahaifinka ba. Idan kana jin nauyin 'yan uwa, ka ce a ba ku wuri.

Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da idan an daɗe ana sha, jiki yakan daina samar da nasa na kansa, wanda da shi ne yake jure wahalar tiyata. Jini na iya faɗuwa ana tsakar aiki ya ƙi tashi. Idan an san da zancen, allura ɗaya ake ƙarawa a kauce wa haka. Maganin ƙarfin maza na kwalba ma an sha gano an cakuɗa masa ƙwayar asibiti mai saukar da jini. Kayan mata kuwa, da garinmu ya yi suna a kansu, babu wanda zai iya rantse miki da abin da ke cikin kowane haɗi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ajiye duk maganin gargajiya mako 2 kafin aikin da aka sa wa rana.

Sai cututtukan da kake da su: hawan jini, suga, asma, farfaɗiya, ciwon ƙoda, olsa, sikila. Kawo magungunanka da kwalayensu a gani, kada ka ce "wata 'yar fara ce ƙarama". Wasu na hawan jini, irin amlodifin, ana sha har safiyar aiki da kurɓin ruwa. Wasu, irin lisinofiril, akan ce a tsallake na ranar. Na suga ana dakatarwa ko a rage, tunda ba za ka ci abinci ba. Masu tsinka jini irin wafarin da kulofidogirel akan tsayar da su kwanaki 5 zuwa 7, amma da izinin likitan da ya ɗora ka a kansu. Mace ta faɗa idan tana zaton tana da ciki, ko na wata ɗaya ne. A kuma faɗa idan an taɓa sa wa wani a dangi barci ya daɗe bai farka ba, ko zazzaɓi mai tsanani ya rufe shi a ɗakin tiyata, domin akwai matsaloli biyu irin haka da ake gado.

Zai ce ka wangale baki, ka fito da harshe, ka ɗaga kai sama. Yana auna yadda robar numfashi za ta wuce maƙogwaronka ne. Nuna masa haƙorin da ke girgiɗi, da haƙorin roba, da haƙorin Makka. Maƙoƙo, gajeren wuya, ƙiba, minshari mai ƙarfi, har da cikar gemu, duk suna canza shirin da zai yi. Masu aiki a Asibitin Noma na nan Sakkwato sun fi kowa sanin wannan, saboda cutar noma, mai cinye naman baki da fuska, takan bar yara da muƙamuƙi a ɗaure, bakin ba ya buɗuwa, sai an bi ta hanci da dabara ta musamman.

Mataki na biyu: gwaji da jini

Za a auna yawan jininka da rukuninsa, sau da yawa da aikin ƙoda da suga, ga manya kuma hoton ƙirji da gwajin zuciya. Idan an ce a tanadi ledar jini 2, a kawo masu bayarwa tun da kwana biyu, domin gwada jini da daidaita shi yana cin lokaci. Wanda zai sa hannu a takardar amincewa ya kasance a kusa, wayarsa a kunne. Mace baliga mai hankali tana da ikon sa wa kanta hannu, kuma a ganina babu dalilin da zai sa mai naƙuda ta yi ta zubar da jini ana jiran miji ya dawo daga kasuwar Illela.

Lokacin hunturu yara kan zo da mura da tari. Idan aka ɗage aikin yaro da makonni saboda haka, ba wulaƙanci ba ne. Maƙogwaron da mura ta taɓa yana saurin shaƙewa idan an sa barci.

Mataki na uku: barin ci da sha

Nan ne masu jinya suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Idan mutum yana farke, abinci ya taso masa, zai yi tari ko ya haɗiye. Allurar barci tana kashe wannan kariya, sai abin da ke ciki ya taso ya gangara huhu, ruwan cikin kuma mai tsami ne, yana ƙona huhun. Wani likitan haihuwa a Amurka, Curtis Mendelson, shi ya bayyana wannan a 1946 a kan matan da aka sa wa barci wurin haihuwa, har yau da sunansa ake kiran matsalar, kuma tana kisa.

Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce awa 8 bayan abinci mai nauyi kamar nama da maiƙo, awa 6 bayan abinci marar nauyi da madara, awa 4 ga jaririn da ke shan nonon uwa, awa 2 bayan ruwa garai-garai. Ruwa garai-garai na nufin wanda kake hango gindin kofi ta cikinsa. Fura da nono, kunu, koko, shayi mai madara, duk abinci ne ko da ana kurɓarsu. Goro ma a ajiye shi.

Wasu asibitoci suna cewa kawai kada a ci komai daga sha biyun dare. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, mutum ya wuni har azahar yana jiran layi ba ruwa, jikinsa zai bushe, jininsa ya fi saurin faɗuwa. Kada ka sha a ɓoye. Tambayi nas ko an yarda ka sha ruwa zuwa ƙarfe nawa, ko a ɗaura maka ƙarin ruwa. Mai sikila, mai suga, ƙaramin yaro da tsoho su ne bai kamata a bari su bushe ba.

Idan kuma kaka ta ji tausayin jikanta ta ɗura masa kunu da asuba, a faɗa. Iyaka a yi faɗa a ɗage aikin da wasu awanni. Ko allurar baya za a yi, mai kashe ƙasan jiki mutum yana farke, dokar tana nan, don ana iya komawa ga barci gaba ɗaya a tsakiyar aiki.

Mataki na huɗu: safiyar aiki

A yi wanka da sabulu. A cire zobe, awarwaro, 'yan kunne, jigida, guru da laya mai ƙarfe, domin na'urar da ke tsayar da zubar jini da lantarki take aiki, ƙarfe a jiki na iya jawo ƙuna. A goge jan farce. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa mai nuna yawan iskar oksijin a jini, ta lafiyayye takan nuna 95 zuwa sama. Jan lalle bai cika damunta ba, amma baƙi mai kauri yana iya rikita ta, don haka mai shirin haihuwa ta bar ko yatsa ɗaya fari. Za a yi ta tambayar sunanka da aikin da za a yi da ɓangaren da za a yi shi. Kada ka ƙosa, tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 don kada a yi wa wani aikin wani.

Mataki na biyar: barci ko allurar baya

Barci gaba ɗaya ta jijiyar hannu ake fara shi, cikin ƙasa da minti ɗaya ka tafi. Sannan a zura robar numfashi, a riƙe barcin da iskar magani har a gama. Bayan an farka akan ji kaushin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu, da tashin zuciya, da rawar sanyi. Akwai maganin da ake yawan amfani da shi a ƙasar nan, ketamin, saboda ba ya saukar da jini kuma bai cika tsayar da numfashi ba. Aibinsa shi ne mai farkawa daga shi kan yi sambatu, ya ga abin da babu, ya yi kuka ko dariya. Ba aljanu ba ne, ba kuma asiri yake tonawa ba. A rage haske da hayaniya, a daina jijjiga shi ana kiran sunansa, zai wuce.

Allurar baya ita ake so ga yawancin aikin da ke ƙasa da cibiya: tiyatar haihuwa, gwaiwa, yoyon fitsari, karayar ƙafa, basir. Wani likitan Jamus, August Bier, ya fara yin ta a 1898. Ita ce kuma mutanenmu suka fi tsoro, don an ce tana shanye ƙafa, tana barin ciwon baya na har abada.

Ga abin da ke faruwa. Lakar babban mutum tana ƙarewa ne a saman ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa sai siraran jijiyoyi da ke lilo cikin ruwa kamar gashin wutsiyar doki. A wannan wuri, ƙasa da inda lakar ta ƙare, ake sa allurar, maganin da ake zubawa kuma bai cika ƙaramin cokali ba. Idan ke mai haihuwa ce, za a zaunar da ke a bakin gado, ki rungume matashi, ki sunkuyar da kai, ki turo bayan waje, ki saki kafaɗu. Wannan zama shi ne rabin aikin, shi ke buɗe tsakanin ƙasusuwan. Idan naƙuda ta taso, ki ce "ta zo", zai dakata. Kada ki zabura.

Cikin minti 5 zuwa 10 ƙafafu za su yi ɗumi, su yi nauyi, su ƙi ɗaguwa. Za a gwada da abu mai sanyi ko a ɗan mintsine ki kafin a fara. Ki faɗi abin da kika ji tsakani da Allah. Ana aiki za ki ji ana taɓawa, ana ja, ana dannawa, musamman lokacin fito da jariri, wannan daidai ne. Zafin yanka ne bai kamata ki ji ba, idan kin ji ki yi magana nan take. Jiri, tashin zuciya ko hamma alama ce jini ya sauka, saboda maganin yana sassauta jijiyoyin jini. Allurar ɗaga shi tana nan a zuƙe a hannun likita, jira yake ki faɗa. Idan hannuwa suka fara mutuwa ko numfashi ya yi nauyi, wannan ma a faɗa da wuri.

Dalilin fifita allurar baya ga mai ciki shi ne maƙogwaronta kan kumbura, abinci kan daɗe a cikinta, don haka barci gaba ɗaya ya fi yi mata haɗari. Ga shi maganin barci bai kai ga jariri ba, ita kuma tana jin kukansa na farko. Ba a yin ta idan jini ba ya daskarewa, ko ana zubar da jini mai yawa, ko akwai ƙurji a wurin. Ƙafafu kan dawo cikin awa 2 zuwa 4. Wurin allurar na iya yin tsami na 'yan kwanaki, amma ciwon bayan da mata ke fama da shi bayan haihuwa galibi daga ɗaukar cikin ne da goyo da sunkuyon aiki, waɗanda suka haihu da kansu ma suna yin sa. Shanyewar ƙafa ta dindindin tana iya faruwa, sai dai abu ne mai wuyar gani ƙwarai.

Mataki na shida: daren farko

Wannan aikin mai jinya ne, kuma mutum ɗaya mai lura ya fi goma masu zaman hira. Kada a ba shi ko ruwa sai nas ta ce a ba shi. Bayan tiyatar haihuwa akan fara kurɓa cikin 'yan awanni, bayan aikin hanji kuwa sai likita ya saurari cikin. Wanda bai gama farkawa ba a kwantar da shi ta gefe saboda amai. Kada a ɗora ruwan zafi ko a kusanto da garwashi ga ƙafar da ba ta dawo ba, za ta ƙone bai sani ba. Kada ya sauko daga gado shi kaɗai karon farko.

A kira nas da gudu idan aka ga ɗayan waɗannan: barcin da ake tashinsa ba ya tashi, numfashi ƙasa da sau 10 a minti ga babba, minshari mai yankewa, leɓe ko harshe ya yi duhu, bandeji ya jiƙe da jini, jiki ya yi sanyi da zufa, ledar fitsari ta yi awanni ba ta ƙaru ba. Na farkon nan shi ya fi yaudara, don sai a ce "ku bar shi ya huta, ya sha wahala". Idan allurar raɗaɗi ce ta yi masa yawa, akwai maganin da ke karya ta cikin mintuna, naloksan.

Mataki na bakwai: raɗaɗi

An raine mu a kan cewa raki abin kunya ne. Mai haihuwar fari takan cije leɓe gaban uwar miji, namiji ya ce "da sauƙi" alhali zufa na keto masa. A nan wannan jarumta cutarwa take yi. Wanda cikinsa ke ciwo ba ya jan numfashi sosai, ba ya tari, majina ta taru a huhu ta zama ciwon haƙarƙari. Ba ya motsi, jini ya daskare a ƙafa. Hawan jininsa ya tashi, barci ya gagara, uwa ta kasa zama ta shayar.

Idan an ce ka auna ciwon daga 0 zuwa 10, ba da lamba biyu: ta kwance da ta lokacin tari ko juyi. Ta biyun ce ta fi amfani. Ka nemi magani tun ciwon yana tasowa, kuma a kwanaki 2 zuwa 3 na farko a sha shi bisa agogo, ko an ji sauƙi.

Tsarin da ya fi aiki shi ne haɗa iri daban-daban kaɗan-kaɗan. Farasitamol shi ne tushe: babba mai nauyin kilo 50 zuwa sama, marar ciwon hanta, ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk awa 6, kada a wuce 8 a yini da kwana. A lura, magungunan mura da yawa suna da shi a ciki, ana iya ninkawa ba a sani ba, hanta ta lalace. Yaro da nauyinsa ake auna masa, miligiram 15 ga kowane kilo, kuma ba a ba shi asfirin, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12 kodin. Sai diklofenak ko ibufurofen, ɗaya daga ciki ba duka biyu ba, bayan an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai zubar jini, da wasu masu asma ba su sha. A sama da su akwai masu ƙarfi: fentazosin, tiramadol, mofin.

Masu ƙarfin nan, amfani da su na 'yan kwanaki a asibiti da wuya ya mayar da mutum ɗan ƙwaya, kada tsoron haka ya sa ka ƙi su. Inda ake faɗawa rami shi ne bayan sallama, a samu mai allurar unguwa yana zuwa kullum yana yin fentazosin. Tana kama mutum, tana kuma taurara nama ta bar gyambo a cinya da ɗuwawu. Haɗin da ake ƙullowa a leda daga kemis ma a bar shi, ba ka san me ke ciki ba.

Ka danna matashi a kan ɗinkin idan za ka yi tari ko atishawa. Ka ja dogon numfashi sau 10 kowace awa, ka riƙa motsa tafin ƙafa, washegari a kama ka ka taka. Salla a zaune ko a kishingiɗe ta halatta ga marar lafiya, kada ka takura ɗinki da sujada tun bai kama ba.

Ciwon kai bayan allurar baya yana da kamanni nasa: yakan zo cikin kwana 1 zuwa 3, yana sara idan an zauna ko an miƙe, ya lafa idan an kwanta. Ruwan laka ne ke ɗan tsiyaya ta hudar allurar. Kwanciya, shan ruwa daidai, farasitamol da shayi ko kofi suna rage shi, yawanci ya wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ya ƙi, akwai dabarar ɗibar jinin mutum kaɗan a toshe hudar da shi. Ciwon kan da ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko gani dishi-dishi da kumburin fuska ga mai jego, wani abu ne daban, na gaggawa.

Kafin a koma gida

Tambayi irin allurar da aka yi maka da ko an sha wuya wajen sa robar numfashi, a rubuta a katinka. Wanda aka sallama a ranar da aka sa masa barci kada ya tuƙa mota ko babur sai bayan awa 24. Mai jegon da aka yi wa aiki ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kada a fyaɗa ganye a kan ɗinki. Kunun kanwa kuma a yi hattara da shi, gishirinsa yana tara ruwa a jiki, kuma ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu. Mai hawan jini ko wadda ta yi jijjiga kada ta sha sam.

A dawo asibiti ba jiran ranar da aka rubuta idan zazzaɓi ya taso, ɗinki ya yi ja yana ruwa ko wari, ciki ya kumbura da amai, sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya riƙe, fitsari ya ƙi fita, ko ƙafafu suka sake mutuwa bayan sun dawo. Wanda ya koma nesa, Isa ko Sabon Birni ko Tambuwal, ya fara zuwa asibiti mafi kusa da takardar sallamarsa a hannu, su duba shi su tsayar da abin da za su iya kafin a kamo hanyar Sakkwato.